"Mai Ɗorewa": Ƙarko Daban, Ɗorewa Daban

Da wuya yanzu ka murɗa rediyo a Kano ka yi minti goma ba ka ji "mai ɗorewa" ba. Zaman lafiya mai ɗorewa, tallafi mai ɗorewa, har rabon shinkafar da ake cinyewa kafin wata ya mutu ita ma mai ɗorewa ce. Kwanan nan kalmar ta faɗo hannun masu gina gidajen saukar baƙi. Sai ka ji ana tallar masauki "na zamani, mai ɗorewa, da salon ginin gargajiya", ka je ka tarar da bulo da siminti, gaban gidan duk gilashi yana kallon yamma, an dasa zankwaye biyu na kankare a kan katanga, janareta kuma na ruri a baya.

Ma'anar da ake nufi a duniya ta samo tushe ne a 1987, a rahoton wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway ta jagoranta: mutanen yau su biya buƙatarsu ba tare da sun cinye rabon jikokinsu ba. A 2015 aka kafa muradu 17 da ake son cimmawa kafin 2030, daga nan kalmar ta cika bakin 'yan jarida.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake cakuɗa ɗorewa da ƙarko. Ƙarko shi ne abu ya jure wahala, ya daɗe bai lalace ba. Ginin kankare da rodi yana da ƙarko, babu mai musu. Ɗorewa kuwa tambaya ce ta daban: shin za a iya ci gaba da yin abin a haka, bana da baɗi da shekaru hamsin masu zuwa, ba tare da an ƙarar da abin da ake yin sa da shi ba? Siminti sai an toya dutse a wuta mai zafin kusan digiri 1,450, kuma masana'antarsa ita kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Ɗakin da ba ya kwantuwa a watan Afrilu sai da iyakwandishan, ita kuma sai da dizal, ko zai shekara ɗari a tsaye bai shiga sahun mai ɗorewa ba.

Wannan salo na masauki mai kama da gidan ƙauye, wanda masu zanen gine-ginenmu ke gani a intanet suna kwaikwaya, ya fi ƙarfi ne a yankunan noman inabi na Turai, inda ake matse shi a yi giya. Ba giyar ce ta kai mu can ba, ginin ne. A Italiya tun 1985 aka yi dokar da ta ba manomi damar sauke baƙi a gidan gonarsa, bisa sharaɗin noma ya ci gaba da zama babbar sana'ar gidan. Amma wurin da ya fi kama da namu shi ne Alentejo, a kudancin Fotugal, inda zafin bazara kan haura digiri 40. Tsofaffin gidajen gona a can da ƙasa ake yin su: a kafa katako biyu, a zuba ƙasa a tsakani, a daddaɓe ta har ta zama bango mai kauri, sannan a shafe da farar ƙasa. Tagogi ƙanana ne. Farin bangon yana mayar da hasken rana, kaurinsa kuma yana shanye zafi a hankali, ba ya isa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da za a buɗe taga iska ta kore shi. Fotugal ce kan gaba a duniya wajen samar da ɓawon itacen nan da ake toshe bakin kwalba da shi, kuma ɓare shi ake yi duk bayan shekara 9 ba a sare itacen ba, don haka masu sabon gini kan shimfiɗa shi a bango da rufi ya tare zafi. Baƙo ya taso daga Jamus ko Ingila ya biya kuɗi mai tsoka don ya kwana a ɗakin ƙasa.

Wato abin da suka ɗauko daga kakanninsu dabara ce: kaurin bango, inda taga ke kallo, inuwa, da kayan da ake samu a gindin gida. Mu kuma zanen muka ɗauko muka bar dabarar.

Alhali duk tana nan cikin badala. Shiga Gidan Makama da tsakar rana, gidan da asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ko Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, ka ji yadda sanyi ke tarbarka tun daga zaure. Tubali ne na jar ƙasa da aka cuɗa da ciyawar ramno, bango mai faɗi a ƙasa yana tsukewa a sama, rufin azara ta giginya wadda gara ba ta cika yi wa illa ba. Da yake azara ba ta iya haye ɗaki mai faɗi ita kaɗai, magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, wato dabarun lanƙwasa azara kamar baka don ta ɗauki rufi. Maganin ruwa kuwa makuba ce daga kwasfar ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Ku duba: sharar Ƙofar Mata da ta majema ce ke zama rigar ruwan soro. Dafarar nan ma, a wajen masana tsirrai, dangin inabi ce.

Irin wannan gini ba ya alfahari da ƙarko. Kafin damina sai an yi yaɓe, an gyara indararo, an toshe tsaga. In aka yi sakaci shekara biyu ko uku ruwa ya yi masa aika-aika, kamar yadda muke gani a sassan ganuwa. Amma abin gyaran yana kusa, mai gyaran ɗan unguwa ne, in bangon ya faɗi kuma ƙasa ce ta koma ƙasa, a kwaɓa a sake ɗorawa. A ganina nan kalmar ta fi zama daram.

Kada kuma masu kishin gargajiya su yi saurin tafi. Kududdufan da suka cika cikin gari, masu sauro da ambaliya, ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne. Giginya tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma mai sara ya fi mai shuka yawa. Wanda zai gina masauki mai ɗaki talatin da azara zalla a yau, ɓarna zai yi. Shi ya sa aikin Francis Kéré, mai zanen gine-gine na Burkina Faso, wanda ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022, ya fi burge ni: a makarantar ƙauyensu Gando ya yi bulon ƙasa da aka matse da 'yar ƙaramar na'ura aka sa masa siminti kaɗan, sannan ya ɗaga rufin kwano sama da silin, iska na ratsawa ta tsakani. Kwanon da ke gasa mu a Kano, can laima ya zama, yana kare bangon ƙasa daga ruwan sama. A Dandaji ta Nijar ma mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gina masallaci da irin wannan bulo a 2018, suka mayar da tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu, kuma maginan garin ne suka yi aikin.