Ajin nazarin Littafi Mai Tsarki a majami'un Kano

Ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, wanda masu bi da yawa ke kira binciken Littafi, zama ne da Kiristoci ke yi a majami'a domin su karanta nassi tare, su tattauna ma'anarsa. Bambancinsa da wa'azin Lahadi a fili yake: a wa'azi fasto kaɗai ke magana, a aji kuwa kowa na iya ɗaga hannu ya ce bai gane ba. A birnin Kano an fi samun irin wannan aji a Sabon Gari, inda majami'u suka fi yawa.

Tarihi

A shekarar 1900 ayarin mishan na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ya iso Kano. A cikinsu akwai Dokta Walter Miller. Sarkin Kano Alu bai ba su izinin zama ba, sai suka juya ƙasar Zazzau. Ko bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, gwamnatinsu ta daɗe tana taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi.

Saboda haka ba ta hannun mishan ajin ya fara kafuwa ba. Ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu ne suka zo da shi, bayan layin dogo ya iso a 1911, aka kuma yanka Sabon Gari wajajen 1913. Da Yarabanci da Ibo da Turanci suke karatunsu.

Ajin Hausa sai da ya jira littafi. James Frederick Schön, wani ɗan mishan Bajamushe, ya fassara wasu sassa tun wajajen 1850 zuwa 1860, amma cikakken Littafi Mai Tsarki bai fito da Hausa ba sai 1932, kuma Miller na da babban hannu a aikin. Jim kaɗan bayan haka mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya sami gindin zama a Kano. Ya yi aikin kula da kutare a Yadakunya, ya buɗe asibitin ido a 1943, aka kuma kafa makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa domin horar da masu bishara. A wancan zamani ajin nassi shi ne kuma ajin yaƙi da jahilci. Manomi daga cikin Maguzawa da bai taɓa riƙe fensir ba yakan fara da baƙaƙe da wasula, ya wuce haɗa kalma, har ranar da zai miƙe ya karanta aya a gaban jama'a.  Majami'un SIM sun haɗu sun zama ikkilisiyar ECWA a 1954, sabuwar fassarar Hausa kuma ta fito wajajen 1979.

Yadda ake gudanarwa

Akan yi shi da safiyar Lahadi kafin sujada, ko da yamma a tsakiyar mako bayan an tashi daga kasuwa. Fasto ko dattijon ikkilisiya zai buɗe da addu'a da waƙa, a faɗi sura, sannan a bi benci benci kowa ya karanta aya ɗaya. Wanda ya yi tuntuɓe a suna mai wuya, na kusa da shi zai raɗa masa. A ƙarshe a ba da ayar haddacewa. Yara na da makarantar Lahadi, masu shirin baftisma na da ajinsu, zumuntar mata da matasa ma haka. Katolika sun fi ba da ƙarfi ga katekizim, wato koyar da aƙidar coci ta hanyar tambaya da amsa.

Dalilin nacewa kan zuwa kullum

Malamai kan kafa hujja da Ibraniyawa 10:25, inda aka gargaɗi masu bi kada su bar taruwa, da mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11, waɗanda aka yaba musu don suna bin nassi kowace rana. Sukan kuma kawo labarin wani bafaden Habasha a Ayyukan Manzanni sura 8 da ya shaida wa Filibus ba zai gane abin da yake karantawa ba sai wani ya fassara masa.

Akwai kuma dalili na tsari. Littafi guda ake ɗauka a bi shi daki daki. Wasiƙar Romawa, alal misali, sura 16 ce, kuma kowace hujja a kan ta baya take zaune, don haka wanda ya yi fashin mako uku zai tarar an yi masa nisa. A nan ne kuma ake sanin wanda ba shi da lafiya ko wanda aka yi wa rasuwa, domin ƙaramin aji ba ya ɓoye gurbin da babu kowa.

Cikas

Rikicin addini na 1991 da hare-haren Boko Haram na 2012 a Kano sun sa majami'u da dama sun matso da taron yamma zuwa da rana. Kullen korona na 2020 ya mayar da wasu azuzuwan kan WhatsApp. Ana da saɓani kan ko nazari ta waya zai iya tsayawa a madadin zama gaba da gaba.