Ƙananan jirage da filin da ba kwalta: ga amsoshinku

Da an fara feshin jan-baki a fadamun shinkafa na Sakkwato da Kabi, aka ga ƙananan jirage suna shawagi ƙasa-ƙasa, sai tambayoyin nan su dawo. Na tara su wuri ɗaya, a daina tare ni a ƙofar masallaci.

Ashe jirgi na iya sauka inda babu kwalta?

Yana iyawa. Ba kowane jirgi ne sai filin Sultan Abubakar na Uku ba. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 kan tsaya cikin mita 200 bayan tayarsa ta taɓa ƙasa, in ƙasar mai tauri ce.

To in an yi haɗari wajen sauka, inji ne ke mutuwa?

Da wuya. Galibi matuƙi ne ya shigo da gudu, ko ya dira a tsakiyar fili maimakon bakinsa. Ƙarin gudu kashi 10 cikin ɗari kan ƙara nisan tsayawa da kusan kashi 20. Fili ya ƙare, jirgi bai tsaya ba, sai cikin kunyoyin gona.

Irin haɗarin da ya rutsa da Sarkin Musulmi Maccido ke nan?

A'a. Wancan Boeing 737 ne, kuma yana tashi ne daga Abuja a 2006. Allah ya jiƙansu. Kada a haɗa.

An yi ruwa daren jiya, yau fili ya bushe a ido. A sauka?

Wannan ce tambayar kirki, kuma ba zan ce i ko a'a kai tsaye ba. Ya danganta da ƙasar. In jigawa ce, ɗan ruwa ma yakan ƙara mata ƙarfi, busasshen rairayi ne ya fi riƙe taya. In laka ce irin ta bakin fadama, to hattara: samanta kan bushe, ƙarƙashi taɓo. Tayar gaba ta nutse, farfela ta sari ƙasa, wani lokaci jirgin ya kife gaba ɗaya.

Sai ciyawa. Littafin Cessna 172 ya ce a busasshiyar ciyawa a ƙara kashi 45 kan nisan da jirgi zai gangara. Jiƙaƙƙiya ta fi haka, don birki ba ya kamawa. Ga iska kuma: in ta biyo jirgi ta baya, kowane kilomita 4 a awa kan ƙara nisan da kusan kashi 10. Damina kuwa iska ba ta da alƙawari, kafin hadari takan juya nan take.

Wasu kan bi filin da mota mai kaya su duba zurfin sawun taya. Yana taimakawa, amma ba hujja ba ce, tayar mota ta fi faɗi. Aƙalla a taka filin da ƙafa daga farko har ƙarshe, a faɗa wa matuƙi gaskiyar abin da aka gani, shi ma ya zagaya ya duba daga sama. Ko da haka, in ya ce sai gobe, sai goben. Alhaji, kuɗin hayar da ka biya ba ya busar da laka.

Na ga matuƙi ya sauko ya sake tashi. Tsoro ne?

Haba malam! Ƙwarewa ce, tun a makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya ake koyar da ita. Ku kwantar da hankalinku. Wanda ya nace sai ya sauka shi ne abin tsoro.

Yara na son kallo, laifi ne?

Laifi ne babba. Farfela mai juyawa ba a ganinta. Ku janye yara, ku kore awaki da jakuna, kuma filin jirgi ba wurin shanya shinkafa ba ne.

In haɗari ya faru fa?

A ceci mutane, a nisanta da wuta, a kira hukuma. NSIB, hukumar binciken haɗura ta ƙasa, ce ke bincike. Kada a ɗauki ko ƙusa, kuma in jirgin feshi ne, maganin da ke cikinsa guba ne.