Kalmomin ɓacin rai a Turanci ga masu jin Faransanci

Kalmomin ɓacin rai a Turanci su ne waɗanda ake bayyana fushi, tsoro, baƙin ciki, kunya, kishi da kaɗaici da su. A darussan Turanci da ake shirya wa masu jin Faransanci, a Faransa ko a ƙasashe irin su Nijar, Chadi da Kamaru, wannan fanni yana cikin masu wuya, domin da yawa daga cikin kalmomin sun yi kama da na Faransanci a rubuce, amma ma'anarsu ta kauce. Kuskure a nan yana da zafi: mutum zai iya zargin amininsa da yaudara, alhali abin da yake nufi kawai bai ji daɗin abin da ya faru ba.

Asalin kalmomin

Kalmomin yau da kullum gajeru ne kuma tsofaffi. *Fear* tsoro, *hate* ƙiyayya, *shame* kunya, *sorrow* baƙin ciki, duk gadon tsohon Turanci ne, dangin Jamusanci. *Anger*, wato fushi, ta shigo daga harshen mutanen arewacin Turai da suka mamaye sassan Ingila, kuma a can ma'anarta baƙin ciki ce. Mai jin Faransanci ba shi da abin kamawa a cikinsu, sai dai ya haddace.

A shekarar 1066 William, shugaban Nomandi da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Tsawon kusan shekara 300 daga nan Faransanci ne harshen fada da kotu, kuma dubban kalmominsa suka zauna a Turanci. Daga nan aka sami *rage*, *envy*, *jealous*, *despair* da *grief*. Harsunan biyu suka ci gaba da tafiya kowanne da hanyarsa, wasu kalmomin suka riƙe ma'ana ɗaya, wasu suka rabu. Waɗanda suka rabu su ake kira *faux amis*, abokan ƙarya, sunan da ya bazu daga wani littafi da Maxime Koessler da Jules Derocquigny suka wallafa a 1928 a kan tarkon kalmomin Turanci. Bahaushe ya riga ya faɗa: kama da wane ba ta wane.

Abokan ƙarya

Wadda ta fi kowacce yin ɓarna ita ce *deception*. A Faransanci *déception* ita ce takaicin da mutum ke ji idan ya sa rai bai samu ba. A Turanci *deception* yaudara ce, kuma *deceive* shi ne a cuci mutum da ƙarya. Ɗalibin da ya rubuta wa malaminsa *you deceived me* don makin da ya samu bai kai yadda ya zata ba ya kira malamin mayaudari. Kalmar da yake nema ita ce *disappointed*.

*Grief* da *chagrin* kuwa kamar musanya suka yi. A Faransanci *grief* ƙorafi ne da ake da shi a kan wani, *chagrin* kuma baƙin ciki mai nauyi. A Turanci *grief* shi ne baƙin cikin rashi, irin na wanda aka yi wa mutuwa, yayin da *chagrin* ta zama ɗan takaici haɗe da jin kunya idan abu ya kuɓuce wa mutum. Wanda ya sa *chagrin* a wasiƙar ta'aziyya ya ƙanƙanta rashin da aka yi, ba da niyya ba.

Fi'ilin Faransanci *ennuyer* yana ɗauke da gundura da kuma damun mutum. Turanci ya raba su: *bored* ga wanda abu ya gundura, *annoyed* ga wanda aka ba haushi. *Annoy* ɗin ma daga tsohon Faransanci ta fito, tushensu ɗaya da *ennuyer*. Haka *énervé*, mai jin haushi, ba ta daidaita da *nervous* ba, wadda ke nufin fargaba irin ta mai jiran shiga jarrabawa. Bafaranshe idan ya ce *je suis confus* haƙuri yake bayarwa cikin jin nauyi, amma *confused* ruɗewa ce. *Misérable* ta fi karkata ga talauci da ƙasƙanci, *miserable* kuwa mai kuɗi ma yana iya zama haka idan ransa a ɓace yake. *Sensible* a Faransanci mai saurin jin abu a rai ne, a Turanci mai hankali ne, kuma *sensitive* ce ke ɗauke da ma'anar farko.

Akwai *vexé*, wanda aka taɓa masa mutunci ya ji ciwo. A Turancin Ingila *vexed* tsohuwar kalma ce ta jin haushi. A Turancin Buroka na Najeriya kuwa *vex* ita ce kalmar fushi ta kullum, shi ya sa ɗan Maraɗi da ya sauka Legas zai yi ta jin *no vex*, ma'ana yi haƙuri.

Ginin jimla

Faransanci yana cewa mutum yana da tsoro ko yana da kunya: *j'ai peur*, *j'ai honte*. Turanci sifa yake amfani da ita: *I am afraid*, *I am ashamed*. Daga nan kuskuren *I have fear* ke fitowa. *Afraid* ba ta zuwa gaban suna, don haka yaron da ya tsorata *a frightened child* ne.

Sai bambancin ƙarshen kalma. Mai ƙarewa da *-ed* tana nuna wanda abin ya sama, mai ƙarewa da *-ing* tana nuna abin da ya jawo shi. *I am bored* na gundura, *I am boring* ni ne mai gundurar mutane. Haka *frightened* da *frightening*, *depressed* da *depressing*. Kowace sifa kuma da ƙaramar kalmar da ke bin ta: *afraid of*, *worried about*, *fed up with*, *angry with* mutum amma *angry about* wani al'amari. Ya fi kyau a haddace su tare tun farko.

Kewa ma a juye take. A *tu me manques* wanda ake kewa shi ne a farkon jimla, a *I miss you* mai kewar ne. Bahaushe ya fi samun sauƙi a nan idan ya tuna da harshensa, domin "ina kewarka" tsarinta ɗaya da na Turanci.

Inda iyakoki suka bambanta

*Seul* ta Faransanci tana nufin zama kai kaɗai da kuma jin kaɗaici. Turanci yana da *alone* ga na farko, wanda ba lallai ya zama abin damuwa ba, da *lonely* ga na biyu. *Upset* kuwa faɗi gare ta: ta haɗa baƙin ciki, haushi da damuwa, kuma "ɓacin rai" ta Hausa ta fi kusa da ita a kan duk wata kalma guda ta Faransanci. Kunya ta kasu uku: *ashamed* ga wanda ya aikata abin kunya, *embarrassed* ga wanda ya ji nauyi a gaban mutane, *shy* ga wanda halinsa ne rashin sakewa. Kunyar da ake yabon ɗiya ko suruki da ita ba ta cikin *ashamed*, kuma fassara ta da wannan kalma ɓata ta ne.

Ƙasa ma tana canza ma'ana. *Mad* a bakin Ba'amurke yawanci fushi ne, a Ingila ta fi nufin hauka. Mutanen Ingila kuma sun saba rage magana, ta yadda *I'm a bit disappointed* daga bakin shugaba a wurin aiki kan nuna ransa ya ɓaci sosai. Wannan ɗabi'a ta fi jerin kalmomi wuyar koyo, sai da yawan sauraro.

Furuci

Faransanci ba ya furta harafin h, don haka masu jin sa sukan gauraya *angry*, mai fushi, da *hungry*, mai jin yunwa, ko su mai da *hate* ta zama *ate*. Wasu kuma, don gudun kuskuren, sai su sa h inda babu ita. Ɗaliban Hausawa a Zinder ko Tawa da suka yi boko da Faransanci suna da wannan sauti a harshensu na gida, a kalmomi irin su haushi da hassada, kuma malamin da ya fara da su kafin ya kawo *hate* da *hurt* ya rage wa ajinsa rabin wahala.