Amshi: makarantar mawaƙan Damagaram tun kafin lakwal

Tun zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, fadar Damagaram, a ƙasar Nijar ta yau, tana da makaɗanta na tambari da algaita da kakaki, kuma babu wanda ya koyi sana'ar a takarda. Yaro yakan tashi a gidan kiɗa, ya fara da ɗaukar kaya, sannan a tsayar da shi cikin 'yan amshi. Nan zai shekara yana maimaita gindin waƙa kafin a bar shi ya yi ƙari, wato ya ƙarasa ɗan waƙar da jagora ya soma. 'Yan mata kuwa a dandali suke koyo: zabiya ta bayar, saura su karɓa da tafi. Ko a makarantar allo haka malam yake biyawa, almajirai su bi.

Bayan hawan Seyni Kunce mulkin Nijar a 1974, samariya, wato ƙungiyar matasa, ta fito da wannan salo zuwa gasar matasa, inda ake haɗa yaran unguwannin Birni da Zango na garin Damagaram, waɗanda ba su gaji kiɗa ba, a koya musu waƙa da baki. Yau kuwa situdiyo ta rage wa 'yan amshi aiki, domin mawaƙi ɗaya yakan naɗi muryarsa ya yi wa kansa amshi. Wannan asara ce, don a sahun amshi kunne yake gogewa.

Mai son koya wa yara amshi a yau, sai ya fara da tafi kawai, babu kalangu. Ya ba da layin da bai wuce numfashi ɗaya ba, a karɓa sau uku ko huɗu, sannan ya ƙara wani. Matsalar da aka fi gani ita ce shiga a makare, saboda yara suna jiran jagora ya yi shiru kafin su ja numfashi. A nuna musu su ja tun yana kan kalmar ƙarshe. Sai karin harshe. Hausa tana da hawa da sauka, in amshi ya danne su sai ma'ana ta sauya, shi ya sa ake faɗin layin da magana kafin a rera. Akwai kuma mai ɓuya cikin taro yana motsa leɓe. A raba yaran biyar-biyar, kowane rukuni ya karɓa shi kaɗai, daga baya a ba ɗaya daga cikinsu jagoranci, malam ya koma cikin 'yan amshi.