Wai sai mai dogon hannu ne zai iya kaɗa biyola?

Jama'a maganar nan da ke yawo tsakanin masu koyon kiɗa a Samaru da Sabon Gari, wai mai ƙaramin hannu ya haƙura da biyola (viola, abin kiɗan Turawa mai kama da goge), sam ba haka bane. Ita fa ba girma ɗaya ake yinta ba, ta manya tsawon jikinta akwai daga inci 15 har 17, kuma abin dubawa shine tsawon tsirkiya zuwa jaki (ɗan katakon da ke ɗage tsirkiyoyi) da kaurin wuyanta, don nan yatsu ke wahala. Ka ɗora ta a kafaɗa ka miƙa hannun hagu, in tafinka ya kama kanta gwiwar hannu bata sandare ba to ta maka. Ɗan ƙaramin yatsa kuwa in baya kai tsirkiyar C mai kaurin nan sai da zafi, nemi ƙarama kawai malam.