Canza Allura Ba Ya Tsarkake Sirinji

An daɗe ana ɗauka cewa in ma'aikacin jinya ya sa sabuwar allura, tsohon sirinji ba shi da matsala. Ba haka ba ne. Yayin cire allura, ɗan jinin da ido ba ya gani kan koma cikin bakin sirinjin. In aka sake zuƙo magani da shi, kwalbar duka ta gurɓace, duk wanda aka ɗebar wa daga baya yana cikin haɗari. Haka ciwon hanta nau'in C ya yaɗu a wani asibiti a Las Vegas, Amurka, aka gano a 2008. Ƙwayar nau'in B kuwa takan yi kwana 7 da rai a busasshen jini. Abin takaici ne a jefa majinyaci cikin wannan don tattalin sirinji guda. Yana da haƙƙin ganin an yage ledar sabo a gabansa.