Gazawar Sabunta Manhajar Ciki a Kyamarorin Tsaron Gida da Ƙararrawar Ƙofa Mai Kyamara

Manhajar ciki ita ce rukunin umarnin da masana'anta ke rubutawa a ma'ajiyar dindindin ta na'ura, kuma da ita kyamarar tsaro ko ƙararrawar ƙofa mai kyamara ke kunnuwa, ta kama Wi-Fi, ta matse bidiyo, ta aika shi zuwa wayar mai gida. Kamfanoni irin su Ring, Wyze, Arlo, Eufy, Hikvision da Dahua suna fitar da sabbin zubin wannan manhaja lokaci zuwa lokaci domin toshe ɓarakar tsaro ko gyara kurakurai. Ana cewa sabuntawa ta gaza idan na'urar ta kasa sauko da sabon zubin, ko ta sauko da shi ta ƙi karɓa, ko kuma aikin ya katse ana tsakiyar rubutawa. Waɗannan yanayi uku suna kama da juna a fuskar waya, domin saƙon da ake gani sau da yawa ɗaya ne, amma haɗarinsu ya bambanta ƙwarai, kuma gano wanda ya faru shi ne ginshiƙin duk wani gyara.

Yadda sabuntawa ke gudana

Yawancin waɗannan na'urori ƙananan kwamfutoci ne masu aiki da wani siririn zubi na Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wanda aka adana a ma'ajiyar filash da a kyamarori masu araha ba ta wuce megabayit 8 ko 16 ba. Idan aka kunna na'urar, abu na farko da ke tashi shi ne wata 'yar manhaja mai tayarwa, galibi wadda ake kira U-Boot, sannan ita ce ke ɗora babbar manhajar. Lokacin sabuntawa, kyamara tana tuntuɓar sabar kamfaninta, wato kwamfutarsa da ke kan intanet, ta sauko da fayil, ta auna shi da lissafin tantancewa irin SHA-256 da sa hannun dijital na masana'anta don ta tabbatar bai lalace a hanya ba kuma ba jabu ba ne, sai ta goge tsohon abin da ke ma'ajiya ta rubuta sabo, daga nan ta sake kunna kanta.

Bambancin da ya fi muhimmanci tsakanin na'urori yana cikin yadda aka raba ma'ajiyar. Masu inganci suna da gurbi biyu: ana rubuta sabon zubi a gurbin da ba a amfani da shi, kuma idan ya kasa tashi, manhajar tayarwa tana komawa tsohon da ke ɗaya gurbin. Masu gurbi ɗaya kuwa suna rubuta sabo ne a kan tsoho kai tsaye, don haka akwai 'yan mintuna da na'urar ba ta da cikakkiyar manhaja ko ɗaya, kuma idan wuta ta ɗauke a daidai wannan lokacin ba ta da inda za ta koma. Abin takaici, ba kasafai kamfanoni ke rubuta wannan bayani a jikin kwali ba, duk da cewa ya fi yawan abin da suke tallatawa tasiri ga tsawon rayuwar na'urar.

Gazawa a matakin saukowa

Wannan ita ce gazawar da aka fi samu, kuma ita ce mafi sauƙi, domin tsohuwar manhaja tana nan daram, kyamara tana ci gaba da nuna hoto. Babban dalilinta raunin sigina ne. Ƙararrawar ƙofa tana maƙale ne a wajen gida, tsakaninta da rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, akwai bangon bulo ko ƙofar ƙarfe, kuma siginar da ta isa a ga hoto na daƙiƙa goma ba lallai ta isa a sauko da fayil gaba ɗaya ba tare da yankewa ba. Manhajojin waya da dama suna nuna ƙarfin sigina da adadi mai alamar ragi. Adadin da ke kusa da -50 yana da kyau, wanda ya kai -70 ko ya wuce kuwa yana nuna rauni. Matso da rauta, ko ciro na'urar a kawo ta kusa da ita na ɗan lokaci, yakan warware matsalar.

Akwai kuma saɓanin saiti. Kyamarori da yawa ba sa aiki sai a kan zangon Wi-Fi na 2.4 GHz, alhali rautocin zamani suna haɗa shi da na 5 GHz ƙarƙashin suna ɗaya, lamarin da kan rikita wasu na'urori. Haka nan tsofaffin kyamarori ba sa fahimtar tsarin tsaro na WPA3, sai an mayar da rauta kan WPA2. Na'urar da aka ƙera don kasuwar Amurka tana ganin tashoshi 1 zuwa 11 ne kawai a zangon 2.4 GHz, saboda haka idan rautar da ke gidan ta zaɓi tasha ta 12 ko ta 13, kyamarar za ta ɓace daga layi ba tare da wani bayani ba. Wannan yana shafar duk wanda ya sayo na'ura daga can ya kafa ta a wata ƙasa.

Wani dalilin da ba a cika lura da shi ba shi ne agogo. Kyamarori da dama ba su da batirin riƙe lokaci, don haka duk sanda suka mutu suka tashi sai su ɗauka ana farkon shekarar 1970, har sai sun tambayi lokaci ta intanet ta hanyar tsarin NTP. Idan rauta ta toshe wannan hanya, kyamarar za ta ga takardar shaidar sabar kamfani tamkar lokacinta bai zo ba, ta ƙi amincewa da haɗin, kuma sabuntawa ba za ta taɓa farawa ba komai ƙarfin sigina.

Wutar lantarki

Katsewar wuta a matakin rubutawa ita ce ke kashe na'ura. A ƙasashen da wuta ke tsayawa, wannan yakan faru ne idan mai gida ya ƙosa ya zare filogi saboda ya ga fitila tana ta ƙyaftawa. A wurare irin arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda ɗauke wuta da sauyawa zuwa janareta ko inbata abu ne na yau da kullum, haɗarin ya fi haka yawa, musamman da yake kamfanoni da dama suna tura sabuntawa ne da kansu cikin dare ba tare da sun tambayi kowa ba. Ko gajeren gibin da ake samu wajen juya makunnin canji ya isa ya katse rubutu. Maganin da ya dace shi ne a ɗora kyamara da rauta duka a kan abin da ke riƙe wuta, kamar ƙaramin UPS ko layin inbata, kuma inda manhajar waya ta ba da zaɓi, a kashe sabuntawa ta kai-tsaye a riƙa yin ta da hannu a lokacin da aka tabbatar da wuta.

Ƙararrawar ƙofa tana da nata matsalolin. Masu aiki da wayar lantarki, irin Ring Video Doorbell Pro, suna buƙatar taransifoma mai ba da volt 16 zuwa 24, kuma tsohuwar taransifoma mai volt 10 da aka kafa don ƙararrawar gargajiya tana iya kunna na'urar amma ta gaza lokacin da aiki ya yi nauyi. Masu batir kuwa an tsara da yawansu su ƙi fara sabuntawa idan caji ya yi ƙasa. Batirin lithium ba ya karɓar caji yadda ya kamata a sanyin da ya kai digiri sifili a ma'aunin Celsius, sannan tsananin zafi yana sa na'ura ta kashe kanta don kariya, abin da ke iya faruwa ga ƙararrawa baƙa da rana ke duka kai tsaye a lokacin bazara. Ga kyamarori masu USB, caja mai rauni ko doguwar waya siririya tana rage ƙarfin wutar da ke isa gare su, har su riƙa mutuwa suna tashi.

Fayil da bai dace ba

Samfura biyu masu suna ɗaya na iya ɗauke da kayan ciki daban, domin masana'antu suna canza guntayen lantarki ba tare da sun canza kwali ba. Saboda haka wanda zai sauko da fayil da hannu dole ya duba cikakkiyar lambar samfur da lambar zubin kayan ciki da ke kan takardar da aka liƙa a jikin na'urar. Akwai kuma kyamarorin Hikvision da aka ƙera don kasuwar China aka sauya musu harshe kafin a sayar da su a waje. Irin waɗannan sukan ƙi karɓar manhajar ƙasa da ƙasa, ko su koma harshen Sinanci bayan an sabunta su. Kuskuren yana iya fitowa daga kamfanin kansa: a watan Agusta na 2017 kamfanin LockState na Amurka ya tura manhajar wani samfur zuwa wani samfurin daban na makullansa masu intanet, ɗaruruwa suka daina aiki, kuma ba a iya gyara su daga nesa ba.

Ganowa da farfaɗowa

Tambaya ta farko ita ce ko na'urar tana tashi. Idan tana nuna hoto kuma lambar zubin da ke shafin bayaninta ba ta canza ba, gazawar ta tsaya ne a saukowa, sai a duba sigina, saitin rauta da caji, a sake gwadawa. Idan fitilarta tana nuna alamar aiki, abin da ya fi dacewa shi ne a ƙyale ta na kimanin rabin sa'a, domin wasu na'urori suna sake kunna kansu fiye da sau ɗaya kafin su gama. Sai bayan haka ne za a zare wuta, a jira kaɗan, a mayar. Danna maɓallin mayar da saiti zuwa na masana'anta yana goge sunan Wi-Fi da kalmar sirri da sauran zaɓuɓɓuka ne kawai, ba ya dawo da manhajar da ta lalace, saboda haka amfaninsa ya taƙaita ga na'urar da ke tashi amma ta rikice.

Idan babbar manhaja ta lalace amma mai tayarwa tana raye, ana iya yi wa na'urar filashin da hannu, wato a sake rubuta mata manhajar. A kyamarar Wyze Cam v2, alal misali, ana sauko da fayil daga shafin kamfanin, a canza masa suna zuwa demo.bin, a ajiye shi a farkon katin memori da aka tsara da tsarin ajiyar fayil na FAT32 ba cikin wata jaka ba, a saka katin kyamara tana kashe, sannan a riƙe maɓallin saiti yayin da ake jona wuta har fitila ta canza launi. Yawancin waɗanda suka kasa a nan, katin ne ya ci amanarsu: ko ya wuce gigabayit 32 an tsara shi da exFAT maimakon FAT32, ko jabu ne, ko kuma kwamfuta ta ɓoye ƙarshen sunan fayil har ya zama demo.bin.bin. Tsofaffin samfuran Hikvision da dama suna da wata hanyar ta kebul ɗin intanet: a daƙiƙun farko na tashi suna neman sabar TFTP, wato kwamfutar da aka saita don miƙa fayil, a adireshin 192.0.0.128, kuma idan suka sami fayil mai suna digicap.dav a can sai su rubuta shi. Na'urorin Ring ba su ba mai gida irin wannan ƙofa ba, don haka wadda ta ƙi tashi sai dai a nemi kamfani ya musanya ta idan garanti bai ƙare ba.

Inda manhajar tayarwa kanta ta lalace, sai mai gyaran lantarki ya buɗe na'urar, ya jona ta da kwamfuta ta layin UART, wata mahaɗar sadarwa da ke jikin allon lantarkinta, ya karanta abin da take faɗa wajen tashi, ko ya rubuta ma'ajiyar kai tsaye da na'ura irin CH341A. Wannan yana buƙatar cikakken kwafi daga samfur iri ɗaya, yana soke garanti, kuma a kyamara mai araha kuɗin aikin yakan kusa kuɗin sabuwa.

Ƙarewar tallafi

Wani lokaci sabuntawa ba ta zuwa ne saboda kamfani ya daina fitarwa. Amazon ta rufe hidimar kyamararta Cloud Cam a Disamba 2022, Google kuma ta daina tallafa wa kyamararta Dropcam a Afrilu 2024. A 2022 kamfanin tsaron kwamfuta Bitdefender ya bayyana ɓarakar tsaro a kyamarorin Wyze wadda aka toshe a sababbin samfura amma aka bar samfur na farko da ita, domin an riga an janye shi. Haɗarin barin irin waɗannan na'urori a kan intanet ya fito fili tun Oktoba 2016, lokacin da manhajar ɓarna ta Mirai ta tara dubban kyamarori da na'urorin naɗar bidiyo ta kai hari kan kamfanin Dyn, mai haɗa masu amfani da intanet da adireshin shafuka, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa a Amurka. Tun daga 29 ga Afrilu 2024, doka a Birtaniya ta wajabta wa masu ƙera na'urori masu intanet su bayyana mafi ƙarancin lokacin da za su ci gaba da fitar da sabuntawar tsaro, kuma dokar Tarayyar Turai mai kama da ita, wadda ta fara aiki a Disamba 2024, za ta wajabta manyan tanade-tanadenta daga Disamba 2027.